Furannin da Suka Tsayar da Attahir

Duk Ba'adaren da ya je cirani Abijan ya san ƙa'ida. Da ruwan farko ya sauka a bakin teku sai a fara ɗaure kaya, don a isa gida a share gona kafin hadari ya hauro arewa. Attahir ɗan garin Affala ya san wannan sarai. Ya kuma san mahaifinsa, tsoho Ma'azu, ba shi da wani ɗa sai shi, ga gwiwoyin tsohon sun daina kai shi ƙarshen gona.

A shekarar, ta uku da samun 'yanci, Attahir ya samu aikin ban-ruwa a lambun wata Baturiya a unguwar Kokodi. Ta ba shi wasu abubuwa masu kama da albasa, ta ce ya binne a gindin katanga da gefen rijiya, ba a cin su, kallo kawai ake yi. Ya yi mata dariya a zuci: mutum da hankalinsa ya shuka abin da ba ya shiga tukunya. Amma da suka tsiro, shi ne kullum tsugune a kansu yana cire musu ciyawa da farce.

Ranar da 'yan garinsu za su shiga jirgin ƙasa, tsiron ya riga ya yi toho, baki a rufe, saura kaɗan ya buɗe. Attahir ya ce wa abokinsa Lawali su yi gaba, zai biyo su.

"Mi za ni ce ma tsoho?" in ji Lawali.

"Ka ce ina tahe."

Furannin suka buɗe da wata safiya bayan ruwa, jajaye da farare, kowane ya kai tafin hannu, iskar teku tana kaɗa su. Attahir bai taɓa ganin abin da ya fito daga hannunsa ya yi kyau haka ba. Ya ji daɗi har ya ji kunya. Da na farko suka bushe sai na gefen rijiya suka fara, ya ce bari ya ga waɗannan ma. Haka ya yi ta ɗaga tafiya, yana gaya wa kansa ai ruwan Adar ba ya sauri.

A shekarar kuwa ruwan ya yi sauri. Da Attahir ya taso gida, tun daga Konni ya fara ganin hatsi ya tsiro ta tagar mota. Daga Tawa ya kama hanyar Affala a ƙasa, bai tsaya ko shan fura ba. Gonakin maƙwabta duk sun yi kore. Tasu ya tarar an shuka 'yan layuka karkatattu ta bakin hanya, sauran fili fetal.

Lawali ya tare shi kafin ya shiga gida, ya ja shi gefe.

"Tsoho ya matsa min da tambaya. Na kasa ce mishi hure ka tsaya kallo. Sai nic ce ciwon ƙirji ya kwantar da kai."

Tsoho Ma'azu yana zaune a inuwar rumbu. Da ya ji sallamar ɗansa ya yunƙura zai tashi, gwiwa ta ƙi. Ya kama hannun Attahir ya zaunar da shi, ya shafa masa goshi, ya shafa ƙirji, hawaye na bin gemunsa.

"Alhamdu lillahi. Allah ya karɓi sadaka."

"Wace sadaka, Baba?"

"Irin shuka. Da munka ji ciwonka, malamai sunka ce a hidda sadakar hatsi, kuma babu hatsi gidan ga in ba shi ba. Na rage ɗan wanda ka gani bakin hanya. Kar ka damu da gona, ɗana. Ga ka da rai."

Attahir ya buɗe baki zai faɗi gaskiya. Irin nan tsohon ne ya zaɓe shi zangarniya-zangarniya tun kaka, ya hana kowa taɓawa ko da yunwar bazara ta yi tsanani. Ya dubi fuskar uban, bai taɓa ganin ta da farin ciki irin na yau ba, ya ji ya tsani kansa.

"Ƙirjin ya sake ka ɗai ko?" in ji tsohon, yana kasa kunne.

Attahir ya sunkuyar da kai, ya ƙaƙaro tari, ya yi masa.