Matar da ke Jikin Bangonmu

Ranar da likita ya ce a mayar da Baba gida a ci gaba da lallaɓawa, abu ɗaya ya roƙe ni.

"Auta, nemo min dangin mahaifiyata. Ko mutum ɗaya ne. In ji muryar wanda ya san ta."

Yana da shekara biyu ta rasu, mahaifinsa ya bi ta ba da jimawa ba. Ƙanin mahaifin nasa ne ya riƙe shi, ya kuma ba shi hoto guda: mace a zaune, gyale mai fure a kafaɗa, tana murmushi da gefen baki. Shekara saba'in hoton nan yana bin Baba daga gidan haya zuwa gidan haya. Duk macen da aka haifa a gidanmu sai an kai ta gaban bangon da yake rataye an gwada kama.

"Ke kika kwaso goshin," Yaya yakan ce min. "Allah dai ya kawo mai ɗauka."

Na zare hoton daga gilashinsa. A baya akwai hatimin shagon hoto, da lamba da fensir: 412.

Kwana tara ina yawo. Mai gyaran agogo ya tura ni wurin tela, tela ya tura ni wani lungu bayan kasuwa. A can na sami ɗan mai shagon, shi ma ya tsufa tukuf, yana yanka hotunan fasfo da almakashi.

"Hannun babana ne wannan," ya ce. "Bai taɓa jefar da fim ɗin hoto ba. Innarmu cewa take ya fi son kwalayen nan a kanmu."

Ya jawo wani littafi da gara ta ci gefensa, ya bi layi da yatsa har 412, ya karanto suna.

"Ba sunanta ba ne," na ce.

"Matar direban jirgin ƙasa."

"Kakana kafinta ne."

Yatsan ya sauka layi ɗaya. 413. Ga sunanta nan, matar kafinta. A gefe an rubuta: ba a karɓa ba.

"Amma, Malam, ga gyalenta..."

"'Yata, gyalen shago ne. Duk wadda ta zo ba ta da na kirki, shi ake yafa mata. Ni kaina na sha wanke shi. Wa ya zo karɓar hoton?"

"Ƙanin mijinta. Bayan ta rasu."

"Ya san fuskarta?"

Sai a lokacin na tuna. A wani gari yake zaune, ta'aziyya ce ta kawo shi.

"Babana a tebur yake jera su, kowa ya nuna nasa," tsohon ya ce a hankali. "An ce masa mai gyalen fure, ya ga gyale, ya ɗauka."

Unguwar da ke rubuce a littafin na san ta, babban titi ya bi ta kanta tun ba a haife ni ba. Ba gida, ba maƙwabci. Saura fim.

Ya hau kujera ya sauko da kwali. Ambulan 413 ta sha damina, ta manne. Da wuƙa ya ɓamɓare ta, ya ɗaga fim ɗin wajen taga.

"Ki dawo jibi. Zan wanke abin da ya rage."

Ranar da na karɓo hoton, Yaya ya tare ni a ƙofar gida, ya duba shi sau ɗaya, ya kau da kai.

"Kar ki kuskura. Ki ce ba ki samu komai ba."

"Auta ce?" Baba ya kira daga ɗaki. "Na ji takunki. Shigo."

Ban iya yi masa ƙarya ba. Na faɗa masa duka, na miƙa masa hoton.

Daga goshi zuwa haɓa fari ne fat, ruwa ya cinye. Sai gyale, sai hannaye biyu sirara. A cinyarta akwai jariri ya wage baki yana kuka, ta riƙe ƙafarsa ɗaya kada ya zame.

Baba ya matso da shi dab da ido.

"Ni ne nan?"

"Kai ne, Baba."

Ya shafa farin wurin da babban yatsa, ya sake shafawa, kamar ƙura ce.

"Waccan ta tsohon hoton kuma, a nemi 'ya'yanta a ba su. Wataƙila su ma ba su san fuskarta ba, ni na riƙe musu uwa shekara saba'in." Ya dube ni, ya dubi Yaya da ke bakin ƙofa. "Ku fita. Ja min ƙofa."

Muna tsaye a baranda, ni da Yaya, muka ji shi da wata murya da ba mu taɓa ji ba.

"Inna," yake cewa. "Inna, ɗago in gan ki mana."