Cikon Goma

Gidauniyar da ke ba da tallafin bincike ta ce mutum goma take so, rayayyu, 'yan dangi ɗaya, kowannensu da ciwon a jikinsa. Mu kuwa muna da tara, kuma saura sati uku a rufe karɓar takardu.

A gidanmu ciwon ba shi da suna, "abin nan" kawai muke cewa. Yakan fara da yatsa ɗaya ya riƙa motsi shi kaɗai, sai hannu ya ɗauka, sai tafiya ta koma tangaɗi har mutanen titi su riƙa yi wa mutum kallon mashayi. Daga baya harshe ya yi nauyi, abinci ya ƙi wucewa. Shi ya ɗauke kakanmu, ya ɗauke Baba da ƙannensa biyu. Saboda shi na karanta likitancin ƙwaƙwalwa da jijiya, ina ganin kamar in na yi karatu sosai zai ji kunyata. Na yi wa dangi duk gwajin da asibitinmu yake da shi, har da wanda na roƙo a wasu asibitocin, babu wanda ya kama shi. Abin da ya rage shi ne a bi ƙwayoyin gadon kowa a ga inda matsalar take, wannan kuwa ba aikin da albashin likita zai ɗauka ba ne.

Wannan ne karo na uku da nake nema. A karon farko muna da mutum goma sha ɗaya, aka dawo mana da takarda saboda bayaninmu ya zarce shafukan da aka ƙayyade da rabin shafi. A karo na biyu muna da goma cif, aka ce sai mun samo babban ɗakin gwaji da zai yi aiki tare da mu. Na yi wata takwas ina aika saƙo ga mutanen da ba su san ni ba, ina yi musu ladabin da ban taɓa yi wa surukata ba, har wani ya amsa. Da komai ya haɗu, sai Yayana ya rasu. Gidauniyar kuma ta riga ta sanar cewa daga bana ta rufe wannan ɓangaren.

Na rubuta musu ina tambaya ko za a ƙirga Yaya, tunda jininsa yana nan a firizar ɗakin gwajinmu, da bidiyon tafiyarsa na shekara shida. Amsa ta zo cikin kwana biyu. Sun yi mini ta'aziyya mai kyau a layi uku, a layi na huɗu suka ce a'a.

A bangon ofishina akwai wata doguwar takarda da muka haɗa da salatif, mun zana dangi kaf a kanta. Namiji akwati, mace da'ira. Wanda ciwon ya kama a cike nasa da baƙar tawada, wanda ya rasu a ja masa layi a karkace. Gwaggo, yayar Baba, ita ta ba ni sunayen, don ita ta san wa ya haifi wa. Ta haura saba'in, ciwon ya tsallake ta, ita ta yi jinyar mutum bakwai a cikin waɗanda na ja wa layi. Duk lokacin da ta zo sai ta tsaya ta kalli takardar ta ce na tara ƙwai da akwatuna kamar mai shago, yaushe zan fara ciniki. Da'irata tana can ƙasa, fara, a ƙarƙashinta kuma akwai wata ƙarama, ta 'yata mai shekara tara.

Ni da abokiyar aikina muka shiga neman na goma. Agogo muke ce mata a sashenmu, don ko mai gadi da shigowarta yake saita lokaci. Ita tana bin tsofaffin fayil, ni ina bin dangi a waya. Lambata ta zama abin tsoro. Wani ɗan ƙanen Baba da na tambaya ya jikinsa, ya ce lafiyarsa ƙalau, in nemi wani, ya kashe wayar. Wata ta sa mijinta ya ce mini ba ta nan, alhali ina jin tarinta. Ban ga laifinsu ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne duk wanda ya ce lafiyarsa lau sai in ji takaici. Na kama kaina ina fatan ɗan'uwana ba shi da lafiya, na ji na tsani kaina.

Kuma duk wannan wahala ina yin ta ne da sanin inda na goma take. Wata huɗu ke nan ɗan yatsana na hagu, wanda ke kusa da ƙarami, yana motsi ba da izinina ba. A taro nakan tura hannun ƙarƙashin cinyata in zauna a kai. Allurar ɗiban ruwan ƙashin baya kuwa na bar wa Agogo, na ce ina so hannunta ya ƙara faɗawa, ta yi ta godiya. Ko mijina ban gaya wa ba.

Ba tsoron mutuwa ne ya rufe mini baki ba, wannan tun ina ƙarama na saba da shi. Dokar bincike ta hana wanda ke jagorantar aiki ya zama cikin waɗanda ake bincika. In na cike da'irata, sunana zai sauka daga shafin farko na aikin da na ba shekara goma sha biyu. Farfesa, shugaban sashenmu, zai karɓe allura daga hannuna, kuma da gaskiyarsa. Sannan ga ƙaramar da'irar nan. Muddin tawa fara ce, ina iya kallon 'yata tana cin abinci ba tare da na bi yatsunta da ido ba.

Saura kwana huɗu a rufe, ranar ganin marasa lafiya ce, nas ta leƙo ta ce akwai wata tsohuwa da ta yanki kati tun da sassafe, ta ƙi kowane likita sai ni. Ƙofa ta buɗe, sai ga Gwaggo.

Ta shigo tana tangaɗi, kafaɗar dama a sama, ƙafa a buɗe, tana laluben bango da hannu. Tafiyar Baba ce sak, har yadda yake ɗan tsayawa kafin ya juya. Shekara ashirin da rasuwarsa, ban san cewa wani ya ajiye tafiyarsa haka ba. Ta zauna, hannunta na dama yana kaɗawa a kan gwiwa, ta ce abin nan ya iske ta da tsufa, tun watan jiya take ɓoyewa, in rubuta ta.

Na yi mata abin da nake yi wa kowa. Na ce ta taɓa hancinta ta taɓa yatsana, ta yi ta kuskure kamar gaske. Na ce ta lissafo mini watannin shekara daga ƙarshe zuwa farko. Tana isa na uku hannun ya manta da aikinsa, ya kwanta lamo. Da ta tuna sai ta ci gaba, amma da na hagu. Ana cikin haka wayarta ta yi ƙara a ƙasan jaka, ta zuge zif, ta zaro ta tsaf daga cikin tarkacen magani da makullai, ta kashe, ta mayar, sannan ta koma rawa.

Dariya ta kuɓuce mini, irin wadda hawaye ke bin bayanta. Na ce mata da wasan kwaikwayo ta shiga da tuni ta gina mana asibiti. Ta haɗe rai ta ce ita ba wasa ya kawo ta ba, kwana biyar ta yi tana gwadawa a gaban madubi, kuma mutanen gidauniyar ai ba su san ta ba. Na yi mata bayani cewa ido ne kawai za ta iya ruɗa. In jininta ya shiga cikin na masu ciwo alhali ba ta da shi, lissafin gaba ɗaya zai karkace, a yi ta neman abu inda babu shi, wahalar mutum taran nan ta tashi a banza.

Hannun ya tsaya, kafaɗar ta sauko, ta koma Gwaggon da na sani.

"To ke za ki rubuta ke nan," ta ce.

Na ce ban gane ba.

"Ciro hannunki daga ƙarƙashin cinyarki, 'yar nan."

Ban motsa ba. A waje ina jin nas tana faɗa da wani a kan layi.

"Haka babanki ya fara, yana zama a kan hannunsa. Yayanki kuma aljihu yake sa nasa. Ranar da muka binne yayan naki na miƙa miki ruwa, kika karɓi kofi da hannu biyu. Ke da tun kina yarinya nake dukan ki a kan karɓar abu da hannu ɗaya."

Na ciro hannun na ɗora a kan tebur. Yatsan ya yi abin da ya saba, a gabanta, babu ko kunya. Ta daɗe tana kallon sa, irin kallon da ake yi wa baƙon da aka sani kuma ba a so.

Ta ce ba don gidauniya ta zo ba, ita ba ta ma san da wane baki ake faɗin sunansu ba. Cewa ta yi in ta shiga gurbin, zan samu shekara biyu ko uku ina likitata, ana gaishe ni a baranda, kafin kowa ya sani. Ta ce ita abin ya raina ta ya wuce, ya bar ta tana wanke 'yan'uwanta ɗaya bayan ɗaya, ko sau ɗaya dai a bar ta ta ɗauki wani abu.

"Kin ɗauka, Gwaggo," na ce. "Wannan ne kawai ba ya ɗaukuwa."

Na yi kuka sosai, da baki a rufe saboda marasa lafiyan da ke bakin ƙofa. Ba ta rarrashe ni ba. Ta jira na gama, ta ciro hankici daga jakar nan ta ba ni, ta tambaye ni ko in aka samu kuɗin za a samo maganin da zai yi mini amfani. Na gaya mata gaskiya: da wuya. In an yi sa'a za a gane inda matsalar take, a iya gwada yara tun kafin ya fara, magani kuwa sai na bayanmu. Ta ɗaga kai ta kalli ƙasan takardar da ke bango, ni ma can nake kallo.

Na sa aka kira Agogo. Na miƙa mata hannuna na ce ta duba ni yadda na koya mata, kada ta tsallake komai. Ta yi. Da ta gama ta ce tun wata biyu da suka wuce ta lura, ta yi ta addu'a Allah ya sa gajiya ce. Ashe ni kaɗai nake ganin na iya ɓuya. Na ce ta buɗe kwamfuta ta cire sunana daga shafin farko ta sa nata, ta kai wa Farfesa ya sa hannu kafin ya tafi taro, ni zan same shi da kaina daga baya. Ta ce ba za ta iya ba. Na ce ai ban tambaye ta ko za ta iya ba, ta fita tana share ido.

Muka sauko da takardar daga bango muka shimfiɗa a kan gadon gwaji, don ta fi tebur tsawo. Na ɗauko alƙalamin nan mai kauri da na cike na Yaya da shi. Na dafa takardar da hagu, yatsan ya riƙa jan ta, na dama kuma kuka ya hana shi tsayawa. Tawada ta fara fita daga layi tana yin ƙasa. Gwaggo ta sa babban yatsanta ta rufe ƙaramar da'irar, ta danne har na gama. Alƙalamin ya bi ta kan farcenta sau biyu.

Takardun sun tafi saura kwana ɗaya. Bayan wata biyar amsa ta zo, an ba mu. Farfesa ya sayo lemo ya tara sashe, ya yi jawabi mai tsawo, ya ambaci sunana sau uku, kowa yana kallon ƙasa.

Yanzu duk farkon wata nakan yanki kati in zauna a benci tare da dangina, Gwaggo tana riƙe mini jaka. Ba a kiran mu da suna, dokar bincike ce, nas takan leƙo ta ce lamba goma. Takardar tana bangon ofishin Agogo. Idan ta ce in taɓa hancina in taɓa yatsanta, idona yakan zame zuwa ƙasan takardar. Da'irata ta fi ta kowa muni, baƙi ya fita ta ko'ina. Ƙaramar tana nan fara, a gefenta akwai shatin yatsan Gwaggo inda ta dafa da za ta miƙe.