Baftismar da Mama Ta Ƙi

Bakin Mama ne ya jawo mana. Tun da ƙafafunta suka daina ɗaukarta, fasto ke kawo mata jibin Ubangiji, wato gurasa da ruwan inabin da ake ba masu bi a coci, har gado, ni kuma in rufe shagon ɗinkina in zo in tayar da ita in jingina ta da filo. Da tsohon fasto ba mu taɓa samun matsala ba. Sabon ne, mutum mai ladabi da yawan karatu, ya yi gangancin tambayarta yadda ta zama mai bi. Duk wanda ya san Mama ba ya yi mata irin wannan tambaya da yunwa a cikinsa.

Ta ba shi labari tiryan-tiryan: rafin, sanyin ruwan, da mai wa'azin da ya tsoma ta yana cewa "da sunan Yesu".

"Da sunan Yesu kawai, Mama? Bai ce Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki ba?"

"Abin da ya faɗa ne na faɗa maka, ɗana."

Ina kallo ya mayar da murfin akwatin gurasar a hankali. Ya ce a ƙa'idar ikilisiyarmu wannan baftisma ba ta cika ba, kuma ba shi da ikon ba ta jibi sai an gyara. Gyaran ba wuya: ruwa kaɗan a ka, a faɗi kalmomin daidai, shi ke nan. Mama ta ce a'a, ta juya fuska bango.

Daga nan na zama 'yar aike. In je wurin dattawan coci su ce sai sun zauna, su zauna su ce sai sun tambayi na sama. In dawo in sauya zanin gado, in niƙa magani a cokali, in koma kan keken ɗinki da ido biyu kamar an zuba musu yashi. Yayana, wanda bai taɓa wanke mata ko ɗankwali ba, ya bugo waya daga nesa yana cewa, "Ki lallashe ta mana, mene ne a ciki?" Na gaji har da jin haushinsa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Lahadin jibi. Mama takan sa in ɗaura mata ɗankwali, ta zauna tana sauraren ƙofa har rana ta take, sannan ta ce in kwance, wai yana matse mata kai.

Da jikinta ya ƙara rikicewa, ni da kaina na kira fasto ba da saninta ba. Na ce ya zo mu gama, na ɗebo ruwa a kwano na ajiye kan kujera. Ya durƙusa gefen gado yana yi mata magana da taushi, har na ji tausayinsa.

Mama ta kalli kwanon, ta ce:

"Ɗana, rana ɗaya aka tsoma mu da uban yaran nan. Yana gaba ina bayansa, bakin mutum ɗaya, kalma ɗaya. In ka gama da ni, shi ma za ka je kabari ka gyara masa?"

Ta nuna kwanon, ta ci gaba:

"In tasa ta karɓu, tawa ta karɓu. In ba ta karɓu ba, ku bar ni inda ya tafi."

Fasto bai yi musu ba. Ya yi mata addu'a mai tsawo, ya ɗauki akwatinsa a rufe ya fita. Na raka shi ƙofa, ni da shi ba wanda ya iya kallon wani.

Da na dawo na ɗauki kwanon zan zubar.

"Kar ki ɓarnatar," in ji Mama. "Ɗumama shi ki goge mini baya."