Dutsen Kabarin Masae

Da hantsi ne, ana yayyafi mai sanyi, gajimare ya rufe kawunan duwatsun Shikoku, a ƙasar Japan. Haruyoshi na tsugune a garejin Gonda, abokinsa tun suna yara, yana duban injin tsohuwar a-kori-kurar mahaifinsa da suka sauke a kan katako.

Motar ta girme shi. Da ita mahaifinsa, Tokuzo, ya yi ta sauko da gawayi da lemo daga ƙauyensu na kan dutse, lokacin da ƙauyen ke da mutane. Yanzu babu kowa a can sai kaburbura. Mahaifiyarsa, Masae, ta rasu bara, kuma har yau tokar gawarta, da aka ƙona bisa al'adarsu, na cikin tulu a gida, saboda tsohon ya ce ba za a kai ta ba sai da dutsen kabarinta. An sassaƙa dutsen, an rubuta sunanta. Amma motar mai sassaƙar ta fi hanyar faɗi, ƙananan motocin yanzu kuma ba su iya ɗaukar nauyin. Tsohuwar motar ce kaɗai ke shiga, ita kuwa ƙarfinta ya ƙare. In dusar ƙanƙara ta sauka, hanya ta rufe ke nan sai bazara, likita kuma bai yi wa Tokuzo alkawarin bazara ba.

Shi ya sa suka kwance injin. Suka sa sabbin fistin, suka wanke kafireta, suka canza fulogi. Sannan Gonda ya samo wata na'ura da ke tura iska cikin inji da ƙarfi, kamar zugazugin maƙeri, su ma zugazugi suke ce mata. Bel ke juya ta, a kan wani gargaren ƙarfe.

Gonda ya ajiye gargare biyu a gabansa, babba da ƙarami.

"Zaɓi ɗaya, mai gida," in ji shi. "Babban zai lallaɓa injin, ya yi shekaru yana aiki, amma ban ce zai hau kwanar ƙarshe da dutsen ba. Ƙaramin zai hau. Sau ɗaya."

"Sau ɗaya kamar yaya?"

"Kamar ka ɗura wa kakanka kwalbar giya ka ce ya yi tsere. Zai yi, ai. Sai dai kada ka tambaye ni gobe."

Haruyoshi bai yi dariya ba. Ya san tun da mahaifiyarsa ta tafi, tsohon kan shiga motar kullum da yamma ya zauna, hannu a sitiyari, ba tare da ya tayar ba. Ya miƙa hannu wajen babban gargaren.

"Wa ya ba ka izinin zaɓa?"

Tokuzo ne a bakin ƙofa, da sanda da lema, ruwa na ɗiga daga gefenta. Ya tako a hankali ya tsaya kan injin.

"Baba, ka fito cikin ruwan nan?"

"Na ji ana rabon gadona ina raye." Ya nuna Gonda da sandar. "Kai, Gonda, ubanka ma haka yake, sai ya gama surutu kafin ya ɗaure noti ɗaya. Maimaita mini."

Gonda ya maimaita, wannan karon ba zancen giya. Tsohon ya ɗora tafinsa a kan ƙarfen injin, kamar mai jin zazzaɓin yaro.

"Baba, mu gwada babban," in ji Haruyoshi. "In bai hau ba, sai mu dawo mu canza."

"A kwanar nan ba a juyawa. In ta tsaya da kaya, baya za ta yi, har kwari." Ya tura ƙaramin gargaren da bakin sandarsa. "Wannan. A bayan motar nan na kawo uwarka ƙauyen tana amarya, tana zaune kan buhun gawayi, farar rigarta duk ta yi baƙi. Ba ta taɓa yafe mini ba. Sa wa motar wannan."

Suka ɗaura. Da aka mayar da injin aka tayar, sai ya fito da wata sabuwar murya, siririya, tana kuka a saman tsohon gurnaninsa. Tokuzo ya karkata kai yana saurare.

"Ba muryarta ba ce," in ji shi. "Amma ba komai."

Ranar da ruwa ya ɗauke suka ɗora dutsen, suka naɗe shi da barguna, suka ɗaure da igiya. Matar Gonda ta bi su a motarta har gada, inda faɗin hanya ya ƙare, ta ce za ta jira. Gonda ya hau baya wajen dutsen. Haruyoshi ke tuƙi, mahaifinsa na gefe rungume da tulun a cinya.

Hanyar ta yi ta hawa cikin itatuwa. Motar na ja kamar ta tuna ƙuruciya. Haruyoshi na satar kallon allurar zafi, tana ta matsawa. Da suka iso kwanar ƙarshe, ƙafarsa ta so ta sassauta da kanta.

"Kada ka tausaya mata," in ji tsohon a hankali. "Taka."

Ya taka totur har ƙasa. Zugazugin ya yi ƙara, motar ta yi rawa, tayoyin baya suka watsa tsakuwa. Ta sha kwanar. Ta hau. Suna fitowa fili, kaburbura na gabansu, sai wani abu ya buga a cikin injin, sau biyu, farin hayaƙi ya taso. Ta gangara da sauran gudunta har gindin katangar maƙabartar, ta tsaya. Haruyoshi ya ja birkin hannu. Bai gwada sake tayarwa ba.

Da sarƙa da sanduna uku suka sauke dutsen, suka tura shi kan gungume har mazauninsa. Aikin ya kai su la'asar. Tokuzo ya sa tulun a ramin da ke ƙarƙashi da hannunsa, ya zuba wa dutsen ruwa, ya kunna turare. Suka haɗa tafuka, suka sunkuyar da kai. Bayan nan suka zauna kan katanga suka ci dunƙulen shinkafa da shayin da ya huce.

"Gonda," in ji Haruyoshi ƙasa-ƙasa, "ko za a iya jawo ta?"

"Da me? Abin da zai ja ta ba zai shigo ba."

Tsohon ya ji su. Ya miƙe, ya dubi motar, ya dubi dutsen.

"Ku bar ta nan. Masae ba ta son zama ita kaɗai."

Ya juya ya kama hanyar gangara, Haruyoshi na riƙe da hannunsa. Gonda ya tsaya a baya. Ya sa duwatsu a ƙarƙashin tayoyin, ya ɗaga gilasan, ya zare makullin. Da ya cim musu, sai ya saka shi cikin aljihun rigar tsohon, ya wuce gaba yana kawar da rassan da suka faɗo a hanya. Tokuzo ya taɓa aljihun, ya ci gaba da tafiya.