Ƙotar Baƙo Ba Ta Ƙoshi Ba

"Zautuwa ce," in ji mahaucin layinmu. "Tun da ɗanshi ya mutu kanshi bai dawo daidai ba."

"Lafiyarshi lau," in ji mai shayi. "Kafinta ne na gaske, ƙofar masallacinmu ma shi ya sassaƙa ta. Jira kawai yake, kuma wanda yake jira ya sauka tasha jiya."

Ina cikin butik ɗina, ɗan shagon da nake sayar da kayan masarufi, ina auna sukari, ina jin su. Wanda ake maganar, maƙwabcina Baƙo, yana tsallaken hanya a ƙofar gidansa, zaune kan buzu, da fasasshiyar kwalba a hannu yana kankare ƙotar bindiga. Tsohon fenti yana zuba kan gwiwarsa kamar dusa.

Duk Hausawan Tamanrasset sun san labarin. Shekara bakwai kafin nan, ɗansa tilo Sa'idu ya taso daga Agadas da buhunan gero a kamyon wani direba, Tukur. Motar ta mutu bayan sun wuce Ingizzam. Tukur ya ce zai taka ya nemo taimako, ya saɓa salkar ruwa ya tafi, ya bar Sa'idu gadin kaya. Buzaye suka tsinci Tukur da rai. Da aka koma kwana shida bayan nan, sai aka tarar da Sa'idu kwance a ƙarƙashin motar. A wurin ta'aziyya Tukur ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce, "Ƙaddara ce," ya juya. Washegari ya bar gari. Yanzu, shekara biyu bayan tafiyar Faransawa, ga shi ya dawo yana fataucin busasshen tumatir daga Silet.

Bindigar ta farauta ce mai baki biyu. Lokacin yaƙin neman 'yanci Baƙo ya binne ta a ɗakin awaki don kada sojoji su ƙwace. Ƙarfen bai yi komai ba, yana naɗe cikin tsumma mai maiƙo, amma itacen ya bushe ya yi fari kamar ƙashi. Ya kwance ƙotar daban, ya ajiye ƙarfen ƙarƙashin gado.

Da la'asar ya tsallako wurina.

"Illo, kana da man kattan? Wanda Larabawa ke shafa wa ƙofa."

"Akwai, Baba. Ga na gyaɗa ma, ya fi araha."

"Na ce maka miya zan yi? Na gyaɗa ba ya bushewa, wari yake." Ya ɗora ƙotar kan tebur. "Ɗigo uku a tafin hannu, ka murza har hannunka ya yi zafi, ka goge, ka bar ta ta kwana. Kullum haka. Ran da itace ya ƙoshi za ka ga man ya tsaya a kai, ya ƙi shiga. Ran nan zan ɗaura ta a ƙarfenta."

"Daga nan fa?"

"Daga nan in je in gaida Tukur."

Ya faɗe ta kamar mai cewa zai je aski. Na ce ko ya bar wa Allah. Ya ce ya bar wa Allah shekara bakwai, yanzu yana so ya taya shi. Na yi istigfari a madadinsa, na zuba masa man a ƙaramar kwalba.

Mako biyu ƙotar ta sauya. Ta yi ja-ja kamar dabino, zanen itacen ya fito. Matarsa Hajjo ta zo sayen sabulu, ta rage murya ta ce, "Illo, itacen nan ya fara ƙyalli. In ya kashe mutum jandarma su tafi da shi, wa zai rufe ni?" Na miƙa mata sabulun. Amma da Baƙo ya aiko da kwalbar a karo na biyu, sai na zuba man kattan kaɗan a gindinta, na cika sauran da kananzir. Na taɓa ji a bakin wani mai fenti cewa idan aka tsinka man da yawa, shigewa yake ya bi iska, ba ya barin komai a sama.

Baƙo ya buɗe, ya shinshina, ya dube ni.

"Haka sabon yake zuwa daga Aljer," na ce.

"To," ya ce. "'Yancin kai ya shiga har cikin kwalba."

Gajeriyar hanyar kasuwa ɗaya ce daga gidan da Tukur ya kama, ta ƙofar Baƙo. Kowace safiya sai ya wuce da jakinsa, kai a ƙasa, yana bin jikin bango. Baƙo kuwa sai ya ɗaga ƙotar, ya dafa ta a kafaɗa, ya rufe ido ɗaya, ya bi shi da ita har ya sha kwana, ba ƙarfe ba komai.

"Direba! Ba gaisuwa? Ka ga yadda take shan mai? Kwana shida ba ta sha ba sai ta tsage. Kai ka san kwana shida, ai."

Wata rana ya sa Hajjo ta ajiye kwanon ruwa a tsakiyar hanya. "Ɗauka ka tafi da shi duka," ya ce wa Tukur. "Halinka ne."  Tukur ya kewaye kwanon. Jakin ne ya tsaya ya sha.

Tukur ya rame. Ya daina zuwa masallacinmu, ya koma na Larabawa can bayan kori, busasshen rafin garin. Amma bai bar gari ba, kuma bai sake hanya ta bayan gari ba, ko da yake zai iya. Wannan na daɗe ina juya shi a raina.

Wata biyar ina cika kwalba, itace yana sha. Sanyi ya sauko daga duwatsu, irin wanda ke daskarar da ruwa a randa, Baƙo ya kama tari. Ya koma murza ƙotar a cikin ɗaki, daga baya a kwance. Ran wata Talata da hantsi Hajjo ta leƙo butik ta ce yana kirana.

Ɗakin yana warin kananzir da hayaƙin gawayi. Ƙotar tana kan ƙirjinsa. Hannunsa ya zama ƙashi, amma tafin yana sheƙi.

"Zauna, ɗan Aljer," ya ce. "Shekara arba'in ina aikin itace. Kana tsammani hancina ya riga ni mutuwa?"

Na sunkuyar da kai.

"Ka cuce ni, Illo. Na bar ka ne don na ga tsoronshi ya fi kartush ɗin bindiga daɗi. Kartush sau ɗaya ne. Wannan kuwa kowace safiya." Ya yi tari mai tsawo, Hajjo ta tallafe shi. "Amma na so in gama. Wallahi na so."

"Baba, ka yafe mishi ka huta."

"Ya roƙa? A yafe wa wanda bai roƙa ba? Ƙaddara ce ta saɓa salka a kafaɗa?" Ya turo mini ƙotar. "Ƙarfen ka kai wa jandarma. Wannan ka kai wa direba, da mai na gaskiya, ba fitsarin fitilarka ba. Ka ce ni na ce ya shayar da ita har ta ƙoshi. Ko sau ɗaya a rayuwarshi ya ba wani abu ya sha."

Malam Tasi'u, limaminmu, ya shigo ya yi ta lallashinsa ya janye maganar. Kalmar shahada ya karɓa, ya maimaita ta sarai. Ɗayar kuwa ya juya fuska bango. Ya cika kafin azahar.

Tukur bai zo jana'iza ba. Mahauci ya ce ya hango shi tsaye nesa, bayan itatuwan bakin kori, har aka gama rufewa.

Bayan sadakar uku na naɗe ƙotar a tsumma, na cika kwalba da man kattan zalla, na tafi. Na tarar da shi a tsakar gida yana tsince tumatir kan tabarma. Da ya ga abin da na kwance, sai ya miƙe ya manne da bango. Na faɗa masa saƙon yadda aka ba ni, ban rage ko kalma ba.

Ya daɗe a tsaye. Sannan ya zauna, ya ɗora ta kan cinyarsa.

"Yaya ake yi?"

"Ɗigo uku. Ka murza har hannunka ya yi zafi."

Ya ɗiga, ya fara murzawa. Man yana shigewa nan take, itacen yana komawa busasshe a bayan tafinsa. Ya ƙara uku. Jakin yana tauna a gefe. Ni dai ina tsugune ina kallo.

"Salkar cike take," ya ce, ba ni yake kallo ba, ƙotar yake kallo. "Sa'idu ya ce in zuba mishi rabi a bido, 'yar jarkar mota. Na ce nauyi ne a tsaya rabo, yanzu zan dawo. Na san ba yanzu ba ne."

Ya ɗaga hannunsa. Shatin yatsunsa biyar ya fito jiƙe a kan itacen, yana dusashewa a hankali.

"Baba Baƙo," ya ce da ƙarfi, har matar gidan ta leƙo daga madafa, "ni na shanye ruwan Sa'idu. Ka yafe mini."