Awarwaron Atiyat

Ni dai kasuwar Sagha ta maƙeran gwal na ce a je. Can ubana ya sayi gwal ɗin uwata, can na sayi na matata Atiyat. Amma uwar yaron da zai auri 'yata ta ce su a unguwar Masr el-Gadida shagon da suke sayayya yake. Su ne masu biya, sai na bi su.

Na goge jallabiyata da kaina. Tun ina saurayi nake sana'ar guga a unguwar Sayyida Zainab, ba a taɓa dawo mini da riga ba. Na naɗe awarwaron a hankici, na sa a aljihun ƙirji.

Shi kaɗai ya rage. Atiyat ta shigo gidana hannunta cike da awarwaro, shabkarta, gwal ɗin baikonta. Ɗaya ya tafi ranar da aka yi wa 'yarmu Nesma aiki a ciki. Sauran makaranta ta cinye su ɗaya bayan ɗaya, har yarinyar ta zama mai haɗa magunguna. Da ciwon ajali ya kwantar da Atiyat, ta zare na ƙarshe ta ba ni.

"Ranar da za a saya wa Nesma shabka, kai za ka sa mata shi da hannunka."

Na ce to. Ban ƙara magana a kai ba, ban kuma manta ba.

Shagon sanyi kamar ɗakin ajiye gawa. Ko sikeli ban gani a kan tebur ba. Hazem, wanda zai auri Nesma, ya sumbaci kaina, yaro ne mai ladabi. Uwarsa, Madam Nahed, ta nuna mini kujera da yatsa.

"Zauna nan, Usta Shehata, ka huta wa ƙafafun nan."

Duk unguwa Abu Nesma ake ce mini. Ita kam Usta, kamar ta kawo wanki.

Mai shagon, Khawaga Milad, tsoho ne kamata. Ya jawo faranti cike da zobba.

Na ce, "Ina awarwaron?"

Madam Nahed ta tuntsire da dariya. "Awarwaro! Haba Usta, amarya za mu yi wa ado ko mai sayar da lalo a bakin kasuwa? Yanzu zobe ɗaya ake yi, mai dutsen daiman."

"Daiman kuma?"

"Yankan baget, Baba," in ji Nesma. Ba ta dube ni ba. "Na daɗe ina son shi."

Milad ya ɗauko shi da ɗan hantsaki. Farin ƙarfe siriri, a kansa ɗan dutse dogo mai kusurwa huɗu, kamar an yanko tsinken ƙanƙara. Ko ƙyalli ba ya yi sosai.

"Wannan yankan ba ya ɓoye komai, Alhaji," in ji shi. "Mai zagaye yana rufe aibinsa da walƙiya. Wannan kuwa har ƙasansa kake gani, kamar ruwa a kofi. Shi ya sa dole dutsen ya zama mai tsabta."

Ya miƙo mini ɗan madubinsa na duba dutse. Ban karɓa ba.

Na ce, "Tambaya ɗaya gare ni. In ta kawo maka shi gobe, me za ka ba ta?"

Hazem ya sunkuyar da kai.

Milad ya yi gyaran murya. "Ƙarfen zan auna. Dutsen kuwa sai yadda muka daidaita."

"Rabi?"

"Ba zai kai ba."

"Gwal fa?"

"Gwal gwal ne, Alhaji, kai ma ka sani."

Na juya ga Madam Nahed. Na ce mata shabka ba ado ba ce. Katangar mace ce. Abin da aka sa mata a hannu nata ne, miji ba ya tambaya, uba ba ya tambaya. Ranar buƙata ta cire, ta kai sikeli, ta dawo da mutuncinta.

"La ilaha illallahu! Ba a ɗaura ba ana lissafin rabuwa? Hazem, ka ji fatan da surukinka yake maka?"

"Mama, don Allah."

"Ɗana injiniya ne, Usta. Matarsa ba za ta sayar da abin hannunta ta sayi burodi ba."

"Atiyat ma ba don burodi ta sayar ba."

"Baba, ya isa," in ji Nesma. "Tun ina ƙarama nake kallon hannun Mama yana raguwa. Ba ta taɓa sa awarwaro don ya yi mata kyau ba, kullum tana jiran ranar da za a cire. Ni abu ɗaya nake so wanda ba don sayarwa aka saya ba."

Ina da amsa. Na haɗiye. Ba a gaban baƙi ba.

Aka ware zobe biyu. Ɗaya dutsensa gajere, shi ne daidai ƙarfin Hazem. Ɗayan dogo, ya kwanta a yatsar Nesma kamar don ita aka yi. Ta ɗaga hannu ga fitila, ta juya, ta sake juyawa. Madam Nahed ta ce amaryar ɗan 'yar'uwarta irin dogon aka saya mata, ita ba za ta shiga dangi da guntu ba. Amma ba ta buɗe jaka ba. Hazem yana goge gumi a cikin wannan sanyin.

Na ga lokaci ya yi. Na miƙe, na fito da hankicin, na warware. Awarwaron ya fito jajir, mai kauri, da zanen ganyen alkama da ya kusa gogewa.

"Miƙo hannunki. Uwarki ta ce in sa miki da kaina."

Na sa mata. Ta rufe baki da ɗaya hannun, hawaye ya zubo. Na ce a raina, jini ba ya ƙarya. Yanzu za ta gane.

"Kai, tsohon aiki ne," in ji Madam Nahed. "Sai dai ja da fari ba sa zama a hannu ɗaya. Akwai nauyi kuwa."

Nesma ta daɗe tana kallon hannunta. Awarwaro a wuyan hannu, dogon dutse a yatsa. Ta dubi Hazem da guminsa.

"Baba, nawa ne yanzu?"

"Naki ne."

"Ba mai tambayata?"

Na gane inda ta nufa. Amma bakina ne ya faɗa, a gaban kowa.

"Ba mai tambayarki."

Ta zare shi a hankali, ta ajiye a kan gilashi. "Khawaga, auna. A cika wa Hazem."

"Nesma, a'a, wallahi gajeren ma..." in ji Hazem. Uwarsa ta dafa gwiwarsa.

Ashe akwai sikeli, a ƙarƙashin tebur yake. Milad ya fito da shi, amma bai ɗora ba. Ni ya kalla.

"Alhaji, tsohon gwal sai na yanka na ga cikinsa. Ka yarda?"

"Ba nawa ba ne."

Ya sa almakashi. Ƙas. Ya duba bakin yankan, ya ce gwal ne mai kyau, irin wanda ba a yi yanzu. Ya auna, ya jefa a wani gwangwani tare da karyayyun 'yan kunne.

Madam Nahed ta rangaɗa guɗa. Aka kawo jan sharba, abin shan biki. Hazem ya sa wa Nesma zoben, aka ce in ja Fatiha. Na ja. Nesma ta zo ta kama hannuna za ta sumbata, na ba ta. Dutsen ya taɓa fatata, sanyi ƙalau.

Suka ce za su kai ni gida a mota. Na ce ina da ƙafa.

Da na isa shago rana ba ta faɗi ba, rigunan mutane suna jira. Na hura wuta, na ɗora dutsen guga. Na fito da hankicin zan goge wuya, sai na ga shatin awarwaron a jikinsa, zagaye, na shekarun da ya yi a naɗe. Na shimfiɗa shi a kan tebur, na yayyafa ruwa. Sau ɗaya na bi ta kai, shatin ya ɓace.