Baƙuwar Ajin Tarihi

Littafin tarihin aji uku ya gama da mutanen tudu a 'yan layuka: wai an sauya musu matsuguni, an kai 'ya'yansu makarantar kwana don su waye. Malamar tarihi ta daɗe tana jin takaicin wannan shafi. Da ta ji cewa kakar wata ɗalibarta tana cikin yaran da aka kwashe, sai ta bi yarinyar har gida, ta durƙusa ta gaida tsohuwar, ta roƙe ta ta zo ta yi wa ajin bayani da bakinta. Tsohuwa ta yi ta ja da baya, daga ƙarshe ta amsa saboda jikarta.

Dole malama ta sanar da mataimakin shugaba, wanda ɗalibai ke kira Sarkin Hoto a bayan idonsa. Nan take ya ce ai wannan ya fi ƙarfin aji ɗaya, a ɗakin taro za a yi, ta bar masa komai.

Ranar taron, malama ta riƙo hannun tsohuwa suka shigo, sai ta ja ta tsaya. Sarkin Hoto ya jera yara a bakin ƙofa, an shafe fuskokinsu da gawayi da alli, an ɗaura musu tsummoki da ciyawa a ƙugu. Suna tsalle suna ihu, suna dariya, wai rawar mutanen tudu ce. Jikar tsohuwar tana rakuɓe a gefe, don ta ƙi yarda a shafa mata, an ce ta cika taurin kai.

Tsohuwa ta dube su. Ta gyara tabaranta, ta wuce ta zauna.

Da ta fara magana, dariya ta mutu. Ta ce da babbar mota aka zo, uwarta ta bi motar da gudu har zanenta ya kwance. A makarantar aka aske musu kai, aka canza musu suna. Duk wadda aka ji tana yaren gida sai a tura mata sabulu a baki, a sa ta tauna. Ƙanenta ya kwanta da tari, wata safiya suka tarar an naɗe katifarsa, kuma har yau ba wanda ya nuna mata kabarinsa.

A daidai nan Sarkin Hoto ya matso da mai ɗaukar bidiyo a bayansa. Yana murmushi ya ce labari ya yi daɗi ƙwarai, amma a ɗan sassauta, Kaka ta yi musu gaisuwa da yarenta don a samu abin sakawa a shafin makaranta.

"Ɗana, ai abin da nake faɗa maka ke nan," in ji ta. "Ba ni da shi. Sun cire shi."

"To ki faɗi ko mene ne, Kaka. Ai ba mai ganewa."

Malama ta juyo ta fuskance shi. Ta dubi haƙoransa, ta dubi gumin da ke tsiyaya a wuyan rigarsa, ta rasa yadda aka yi ta yi shekara da shekaru tana gaida wannan mutum. Ta tashi ta zare wayar lasifika daga bango, ta ce 'yan ajinta su biyo ta. Sai da suka tsaya a bakin famfo kowa ya dirje fuskarsa. Wata yarinya tana wankewa tana kuka, ta ce ita fa ce mata aka yi wasa ne.

A aji suka ƙarasa, ƙofa a rufe, tsohuwa a kan kujerar malama. Yara suka yi ta tambaya har aka kaɗa ƙararrawa, ba wanda ya motsa.

Washegari shugaba ya kira malama ofis, ya ce ta kunyata babba a gaban yara, ta je ta ba shi haƙuri. Ta ce ta ji. Ba ta je ba, kuma tun daga lokacin in ta hango Sarkin Hoto a baranda sai ta sake hanya. Shi kuwa ya saka hotunan a shafin makaranta, ya zaɓi wanda tsohuwa ke gyara tabarau, don a nan ne kaɗai ta yi kama da mai murmushi.